Yaushe Ya Kamata In Fara Haɗa Kaya Kafin Mu Tashi Daga Gida?

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto da wannan tambaya, na kuma taƙaita wasiƙar tata ba tare da na taɓa ma'anarta ba:

"Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ƙaraminsu bai cika shekara 2 ba, kuma ina zuwa aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Shekararmu 9 a gidan haya mai ɗakin kwana uku da falo da sito. Wa'adin hayarmu zai cika nan da mako 7, mun kuma riga mun kama wani gida, sai dai har yanzu ana gyaransa, an ce za a ba mu makulli nan da wata guda. Ni ina son in fara haɗa kaya tun yanzu, shi kuwa maigidana ya ce kwana uku sun isa, kuma ba zai yi wata biyu yana tsallake kwalaye a cikin gidansa ba. Makon jiya na cika kwali huɗu da kayan kicin, kafin kwana uku na kwance biyu daga cikinsu ina neman abin da zan yi girki da shi, sai ya ce da ma ya faɗa. Yanzu maganar ta zama abin saɓani a tsakaninmu. Don Allah, yaushe ne ainihin lokacin da ya kamata mutum ya fara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsata a taƙaice ita ce ki fara a cikin wannan makon, amma kicin shi ne wuri na ƙarshe da za ki taɓa, kuma a kwanakin farko ko kwali ɗaya ba sai kin cika ba. Zan yi miki bayanin dalili daki-daki, domin na lura kowannenku yana riƙe da gefe ɗaya na gaskiya. Ke kin hango yawan aikin, shi kuma ya hango wahalar zama a gidan da aka birkita, kuma akwai hanyar da za a bi a gama aikin a kan lokaci ba tare da an mayar da gidan kamar sito ba.

Da farko ki daina lissafi da ranar cikar wa'adin haya. Wannan rana ce ta miƙa makulli ga mamallakin gida, kuma kafin ta zo dole gidan ya zama babu kowa babu komai, an share shi, an cire ƙusoshin da aka kafa a bango, an daidaita kuɗin wuta da na ruwa. Idan kuka bari ranar tashinku ta zo daidai da ita, to duk wata 'yar tangarɗa, ko motar ɗaukar kaya ta yi latti, ko ruwan sama ya sauko, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, za ta jefa ku cikin roƙon alfarma a lokacin da ba ku da ta cewa. Ku tsayar da ranar tashi mako guda kafin cikar wa'adin. Ke nan mako 6 gare ki, wato kwana 42, kuma daga wannan rana ce za ki yi lissafi ki dawo baya har ki iso yau.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ne zai raba gardamar da ke tsakaninku fiye da duk wata magana da zan faɗa. Ki zaɓi kabad guda a sito ko a ɗaya daga cikin ɗakunan, ki duba agogo, ki fitar da abin da ke ciki, ki ware na zubarwa, ki goge ƙura, ki shirya sauran a kwali, ki rufe ki rubuta abin da ke ciki, sannan ki sake duba agogo. Yanzu kin san kwali nawa kabad ɗaya ke cinyewa da kuma minti nawa kowane kwali ke ɗauka a hannunki. Sai ki zagaya gidan da takarda da biro, ɗaki-ɗaki, kina ƙiyasta yawan kwalayen da kowane wuri zai buƙata, har da ƙarƙashin gado da saman wadirof, inda yawanci ido ba ya kaiwa. Mu ƙaddara kin samu kwali 60, kuma kowanne yana cin rabin awa. Aikin awa 30 ke nan, ban da kwance gadaje da sauke labule da naɗe kafet. Wanda zai gama wannan a kwana uku sai ya yi awa 10 kullum yana sunkuye, babu girki, babu raino, babu zuwa aiki. Ke kuwa abin da kike da shi a zahiri bai wuce awa ɗaya da dare bayan yara sun kwanta ba, da kuma kamar awa uku a ƙarshen mako, jimilla awa 8 a mako. Idan aka raba 30 da 8, ana neman mako huɗu. Ki ƙara mako guda na tantance kaya kafin a fara ɗaurewa, ki kuma ƙara mako guda saboda ranakun da za ki dawo a gajiye ko baƙi su zo ko yaro ya ƙi barci, sai ki ga makonni shidan nan sun ƙare cif. Alƙaluman da na kawo misali ne, naki na iya fin haka ko su gaza, amma hanyar lissafin ɗaya ce ga kowa. Shi ya sa wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki guda zai iya farawa saura kwana goma ya gama a natse, alhali iyalin da suka shekara 9 a wuri ɗaya suna buƙatar wata guda da rabi, wani lokaci ma wata biyu.

Shekarun nan tara su ne abin da maigidanki bai sa a lissafinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin mutum yana auna kayan gidansa ne da abin da idonsa ke gani kullum: kujeru, gadaje, talabijin, firji. Waɗannan kuwa su ne mafi sauƙi a ranar tashi, ƙarti huɗu za su fitar da su cikin awa ɗaya ko biyu. Abin da ke cin lokaci shi ne tarkacen da suka taru a hankali ba tare da kowa ya lura ba, kamar tufafin da yara suka girme wa, takalma marasa abokan tafiya, tsofaffin caja da wayoyin wuta, littattafan makaranta na shekarun baya, robobin da murafensu suka ɓata, da takardun da ba a san ko suna da amfani ba sai an karanta su ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar a tsaya a yanke shawara a kansa, kuma yanke shawara shi ne abin da mai gaggawa ba ya iya yi. Idan lokaci ya ƙure, sai a riƙa kwasa ana zubawa a buhu, a biya kuɗin mota da na masu dako don a ɗauki abin da shara ce makomarsa, a kuma je a cika sabon gida da shi tun daren farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a sha'anin ƙaura fafe gorar shi ne wannan tantancewa.

Saboda haka makon farko na tantancewa ne kawai. Ki ɗauki wuri ɗaya a kowace rana, ko da durowa biyu ce, ki raba abin da ke ciki gida uku: wanda zai bi ku, wanda za a bayar ko a sayar, da wanda za a zubar. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne kashi na biyu da na uku su bar gidan a cikin makon, kada ki tara su a lungu da niyyar za a fitar daga baya, domin kayan da suka kwana biyu a lungu sukan sake komawa cikin kabad. Idan akwai manyan kaya da kuke son sayarwa, kamar tsohuwar kujera ko gadon da yaro ya girme wa, yanzu ne lokacin neman mai saye, tun kuna da damar jira. A wannan makon ne kuma ya kamata maigidanki ya je sabon gidan da tef ɗin awo, ya auno faɗin ƙofofi da tsawon bango da girman tagogi, domin babu amfani a kwance wadirof a ɗauke shi sannan a tarar ba shi da wurin tsayawa, ko a naɗe labulen da ba za su rufe tagogin can ba. A makon ne za ki tara kwalaye da salatef mai faɗi da alƙalamin rubutu mai kaurin baki. Za ki lura duk wannan aiki ba ya canza kamannin gidan, sai ma ƙara masa sarari da yake yi, don haka ba na jin maigidanki zai sami abin ƙorafi a ciki.

Daga mako na biyu sai ɗaure kaya, kuma akwai tambaya ɗaya da za ki riƙa yi wa kowane abu kafin ya shiga kwali: shin zan nemi wannan kafin ranar tashi? Idan amsar ita ce a'a, ya shiga. Idan kina shakka, ki bar shi a waje zuwa wani makon. Wannan tambaya ita ce za ta tsara miki jerin ɗakunan da kanta. Sito ne farko, sai hotuna da kayan ado na bango, sai littattafan da ba a cikin karatunsu, sai tufafin da ba lokacinsu ba ne, sai zannuwan gado da barguna na ajiya, sai manyan tukwane da kwanukan da ba a fito da su sai an yi taro. A mako na biyar da na shida za ki shiga ɗakunan kwana, ki bar wa kowa tufafin da za su ishe shi kwana goma, ki rage kayan wasan yara zuwa waɗanda suke ɗauka kullum.

Kuskuren da kika yi makon jiya ƙarami ne, kuma kusan kowa da shi yake farawa. Kicin ne wurin da ya fi ba mutum tsoro saboda yawan ƙananan kaya da masu fashewa, don haka zuciya takan ce a fara da shi a huta. Amma shi ne ɗakin da ake shiga sau da yawa a kowace rana, kuma abin da ake ganin ba a cika amfani da shi ba sai ranar da aka rufe shi a kwali ake gane cewa hannu yana kai masa duk bayan kwana biyu. Kwance kwalin da kika yi bai nuna kin yi saurin farawa ba, ya nuna kin fara daga inda bai kamata ba. Kicin ana raba shi biyu ne. Kayan taro da na ajiya za su iya tafiya tun mako na uku, na yau da kullum kuwa sai saura kwana huɗu ko biyar, kuma ko a lokacin za ki bar tukunya biyu, da faranti da kofi da cokali ga kowane mutum, da wuƙa ɗaya, su ne za su shiga kwalin ƙarshe da safiyar ranar tashi. Tun daga yanzu kuma ki rage sayen kayan abinci da yawa, ki riƙa cinye abin da ke cikin firji da ma'aji, domin ɗanyen abinci da duk wani abu mai ruwa su ne suka fi ɓata kaya a hanya.

Yanzu ga maganar maigidanki. Ƙorafinsa yana da tushe, kuma ina ba ki shawarar ki faɗa masa haka da bakinki kafin ki kawo naki bayanin. Mutumin da ya yini a waje yana son ya dawo ya sami inda zai zauna ya miƙe ƙafa, yara ma suna rikicewa idan gida ya birkice na tsawon lokaci, ga kuma ƙaramin yaro mai hawa duk abin da ya gani. Maganin wannan shi ne ki keɓe wuri ɗaya tak na ajiye kwalayen da aka rufe. Tun da sito za ki fara kwashewa, shi ne zai zama wurin, idan ya cika sai bango ɗaya na ɗakin da ba a cika shiga ba. Falo da ɗakin kwananku su zauna yadda suke har makon ƙarshe, kada kwali ko ɗaya ya kwana a hanyar wucewa. Ki yi masa wannan alkawari, ki kuma cika. Sannan maimakon ki ce masa kwana uku ba za su isa ba, ki nuna masa takardar lissafinki, ki roƙe shi ya ɗauki nauyin haɗa takardunsa da kayan aikinsa da kansa a wata ranar hutu. Wanda ya zauna awa biyu a kan durowa ɗaya yana duba rasit da tsofaffin takardu ba ya buƙatar a sake yi masa bayani. Akwai kuma ayyukan da za ku raba tun yanzu, waɗanda su ma suna da nasu lokacin: neman motar ɗaukar kaya da tsayar da rana da masu ita tun saura mako uku ko huɗu, yin magana da kafintan da zai kwance gadaje ya sake ɗaura su, bibiyar masu gyaran sabon gida, da sanar da makarantar yara da wurin aiki da banki sauyin adireshi.

Batun makullin da ba ku karɓa ba ya fi damuna fiye da batun kwalaye. Aikin gyaran gida yakan wuce ranar da aka ɗiba masa, kuma ko an gama, gidan da aka yi wa sabon fenti yana buƙatar a buɗe tagoginsa ya sha iska na wasu kwanaki kafin a kwana a ciki, musamman da yake kuna da ƙaramin yaro. Don haka har zuwa ranar da makulli zai shiga hannunku, kada ki rufe komai sai abin da za ku iya rayuwa babu shi na tsawon wata uku. Wannan ƙa'ida ta yi daidai da jerin da na ba ki, domin makonni huɗun farko duk irin waɗannan kaya ne. Idan makulli ya zo a kan lokaci, sai ki ci gaba zuwa ɗakunan kwana da kicin, idan kuma gidan yana kusa kuma yana kulluwa da kyau, za ku iya fara kai kwalaye kaɗan-kaɗan, abin da zai rage lodin ranar tashi ya kuma buɗe muku sarari a inda kuke. Idan an yi jinkiri, babu abin da kuka rasa. Sai dai ina roƙon maigidanki ya je wurin mamallakin gidan da kuke ciki tun yanzu, ya shaida masa halin da ake ciki, ya tambaye shi ko zai yarda da ƙarin mako ɗaya ko biyu idan buƙata ta taso da kuma sharaɗin da zai sa, a rubuta abin da aka amince a kai. Maganar da aka yi saura mako shida ta fi samun karɓuwa a kan wadda aka zo da ita saura kwana biyu.

Tun da wasu kwalayen za su yi wata guda ko fiye a ajiye, yadda aka ɗaure su yana da muhimmanci. Kwali yana shan danshi, idan ya sha kuma ƙarfinsa yakan tafi, na ƙasa ya lotsa a ƙarƙashin nauyin na sama. Ki shimfiɗa katako ko leda mai kauri kafin ki fara jerawa, ki ɗan janye su daga jikin bango, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, kada tsayinsu ya wuce ƙirjinki saboda yara. Kada tufafi ko bargo ya shiga kwali sai ya bushe sarai, in ba haka ba za ki buɗe ki tarar da fumfuna da wari. Idan tsofaffin kwalaye kika samo, ki kakkaɓe su a waje ki duba lungunansu, domin kyankyasai suna son ɓuya da yin ƙwai a cikinsu, musamman waɗanda aka taɓa zuba kayan abinci. Littattafai da takardu a ƙananan kwalaye ake sa su. Takarda tana da nauyin da ido ba ya gani, bandir ɗaya na farar takarda mai guda 500 ya kai kimanin kilo biyu da rabi, don haka babban kwalin da aka cika da littattafai ko dai ya gagari ɗauka ko gindinsa ya ɓalle. Ni ba na barin kwali ya wuce kilo 15 zuwa 20, ma'aunina kuma shi ne in iya ɗaga shi ni kaɗai ba tare da na yi nishi ba. Farantan tangaran a tsaye ake jera su, a gefensu, kowanne a naɗe, an cike giɓin da tawul ko tsofaffin tufafi yadda idan aka girgiza kwalin ba za a ji motsi ba. Idan da jarida kika naɗe, ki sani tawadarta tana fita a jikin kwano, sai an sake wankewa.

Rubutu a jikin kwali kuwa ina son in ɗan tsaya a kansa, domin na taɓa ganin illar sakaci da shi a gidana. A wata ƙaura da muka yi, na bar komai sai kwanaki huɗun ƙarshe, 'yan'uwa suka zo taya ni, kowa yana cika kwali yana rufewa, babu wanda ya rubuta komai. Daren farko a sabon gida, wajen ƙarfe ɗaya, ɗiyata ta tashi da tarin da ke taso mata lokaci-lokaci, maganinta kuma yana cikin ɗaya daga cikin kwalayen da aka jibge a falo. Ba a riga an sa ƙwan fitila a falon ba. Na durƙusa a ƙasa da hasken waya a haƙorana, ina yanka salatef da makullin ƙofa, ina buɗe kwali bayan kwali, wannan takalma, wannan labule, wannan kofuna, ina jin numfashinta daga ɗaki. A kwali na goma sha ɗaya na same shi, a ƙarƙashin tawul ɗin banɗaki. Tun daga ranar nake rubuta abubuwa uku a kowane kwali: ɗakin da zai shiga a sabon gida, abin da ke ciki a taƙaice, da lamba. A gefen kwali ake rubutawa, a ɓangare biyu, domin rubutun da ke sama yana ɓacewa da zarar an ɗora wani a kai. Ki riƙe ƙaramin littafi ko ki buɗe shafi a wayarki inda za ki riƙa rubuta lambar da abin da ta ƙunsa. Idan wata buƙata ta taso a cikin makonnin nan, kwali ɗaya za ki buɗe, kin kuma san wanne ne.

Daga wannan daren ne kuma na koyi cewa akwai kayan da ba sa shiga kwali ko kaɗan, ba sa kuma hawa motar kaya. Magunguna, takardun haihuwa, takardun shaidar karatu, fasfo, katin asibiti, takardun hayar gidajen biyu, kayan ado masu daraja, kuɗi da makullai, duk waɗannan ki tattara su a jaka ɗaya tun a makon farko, ki ajiye ta inda yara ba sa kaiwa, ranar tashi kuma ta kasance a kafaɗarki. Saura kwana biyu sai ki haɗa wa kowa ƙaramar jaka kamar ta mai tafiyar kwana uku, da tufafi da sabulu da buroshi da tawul, da kayan makarantar yara, da duk abin da ƙaramin ke buƙata, har da abin wasan da ba ya barci sai da shi. Ki ware kwali ɗaya mai alama ta daban wanda za a loda a ƙarshe a sauke a farko, a cikinsa akwai zannuwan gado, tocila, ƙwan fitila biyu ko uku, caja, almakashi, sukundireba, ashana, tsintsiya da sabulun wanke-wanke.

Wasu kaya suna da nasu lokacin da ba a gaggauta shi ba a kuma jinkirta shi. Firji ana kwashe abin da ke ciki a cire shi daga wuta kamar awa 24 kafin tashi, a bar ƙofarsa a buɗe ƙanƙara ta narke, a goge shi ya bushe. A tsaye ake ɗaukarsa, idan an isa kuma a bar shi ya zauna na wasu awanni kafin a kunna, domin man da ke cikin injinsa ya koma mazauninsa. Idan dole ta sa an kwantar da shi a mota, ya fi aminci a bar shi yini da kwana, kuma littafin da ya zo da shi yakan faɗi adadin lokacin. Injin wanki a yi wankin ƙarshe saura kwana biyu, a tsiyaye ruwan da ya rage a cikinsa da bututunsa. Tukunyar gas a rufe ta da kyau, a cire tiyo, a ɗauke ta a tsaye, nesa da zafi. Talabijin ma a tsaye take tafiya, an naɗe fuskarta da bargo, kuma kafin a zare wayoyin bayanta a ɗauki hotonsu da waya. Gadaje da wadirof saura kwana ɗaya ko biyu ake kwance su, ku kwana a katifa a ƙasa, notuna da sukurorin kowanne a zuba su a leda a manne a jikinsa da salatef. Da safiyar ranar tashi a ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa da na kowane ɗaki bayan an kwashe, haka kuma a yi a sabon gida kafin a shigar da kaya.

Yaran biyu manya ki shaida musu ranar tun yanzu, ki ba kowannensu kwali guda ya rubuta sunansa a jiki ya haɗa kayan wasansa da kansa, domin yaron da ya dawo daga makaranta ya tarar kayansa sun ɓace ba tare da an gaya masa ba yakan shiga damuwar da ba ya iya bayyanawa. Ƙaramin kuwa, ki nemi wanda zai riƙe miki shi a wani gida daga safiyar ranar tashi har yamma, saboda ƙofofi za su kasance a buɗe, mota tana motsi, masu dako kuma ba sa ganin ƙasa idan sun ɗauko kaya.

Amma kwalaye biyun nan na kicin da suka rage a rufe, ki buɗe su yau da dare, ki yi wa kowane abu da ke ciki tambayar da na ambata. Wanda za ki nema kafin kwana 42 ya koma mazauninsa, sauran kuma ki haɗe su a kwali ɗaya, ki rubuta masa lamba ta ɗaya ki kai shi sito. Gobe sai ki ɗauki takarda da biro ki zagaya gidan, idan maigidanki yana nan ki roƙe shi ku zagaya tare, shi ya riƙa buɗe saman wadirof da ƙarƙashin gado, ke kina rubutawa.